Kawu da Maɗacin Bakin Rafi

Da na sauka daga kan babur a ƙofar gidan Kawu, an riga an fita da shi. Tun da safe aka bugo mini waya a Dutsin-Ma, na bar ɗinkin mutane a kan keke na fito. Amma kafin mota ta cika, kafin a sauke ni a Kurfi in sami mai babur da zai yarda ya shiga ƙauyenmu na cikin Rawayau, rana ta ɗaga. Gawa kuwa ba ta jiran kowa a zafin bazara. Maza duk suna maƙabarta, tsakar gida cike da mata, ruwan wankan bai ma gama bushewa a bayan ɗaki ba. Na faɗi abin da ake faɗa, cewa na Allah muke kuma wurinSa muka nufa, sai kawai na ji ni zaune a ƙasa ban san lokacin da na zauna ba.

Innarmu, wadda ita ce yayarsa, ba ta yi kuka ba. Tana zaune ta miƙe ƙafa, duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ni na goye shi. Ni na goye shi, shi kau ya riga ni." Iya, matar Kawu, tana ƙuryar ɗaki an lulluɓe ta. Da na durƙusa gabanta ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, bai sha kokon ba. Na dama mashi, bai sha ba." Kwanon na nan gefen gado da murfinsa, ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗaukewa.

Mata na shigowa suna fita, kowace da abin da take faɗa. Mutumin kirki. Mai zumunci. Mai haƙuri. Da aka yi ta nanata haƙurin nan, wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta gyara zama ta ce, "Ku ji tsoron Allah, gawa ake magana. Haƙuri dai Malam ba shi da shi. Amma bai taɓa cin na kowa ba." Ni kuwa a raina na ce Allah ya yi miki albarka, Gwaggo.

Da maza suka dawo, na leƙa ta kafar zana na hango wani dattijon makiyayi da rugarsa ke hayin rafi. Ya zo da sandarsa ya tsaya jikin katanga, bai hau tabarma ba, ba kuma wanda ya matsa masa. A shekarun nan haka zama ya koma tsakanin mutanen gari da mutanen ruga. Ya yi gaisuwa, aka amsa masa da ƙyar, ya daɗe a tsaye yana share ido da gefen rawaninsa, sannan ya juya.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Kafin a yi sadakar uku an fara goge Kawu ana mayar da shi irin mamacin da kowa ke da shi, salihi marar magana. Ba haka yake ba. Mutum ne mai faɗa, mai riƙo, mai taurin kai, kuma a ƙarshen rayuwarsa abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: kada maɗaci ya ƙare a bakin rafinmu. Ina son a tuna shi da wannan.

Masassaƙi ne, ɗan masassaƙi. Turmi, akushi, kujerar zaman mata, ƙyauren ɗaki, duk yana yi, kuma in aiki na mutunci ne da maɗaci yake yin sa. Jan itace ne mai nauyi, in ya sha gizago ya sha mai har wani sheƙi yake. Lokacin da mahaifinmu ya rasu, Kawu ne ya zo ya kwashe mu ni da Innarmu ya kawo gidansa. Bai yi mata dogon wa'azi ba. Ya shiga rumfarsa ya yi kwanaki yana sara, ya fito da turmi ya dire a gabanta ya ce, "Ga shi nan, Yaya. Ki riƙa yi ma mutane surhe, kada ki zauna kina kallon hannun kowa, har nawa." Da turmin nan ta saya mini litattafan makaranta.

A gidan na tashi tare da babban ɗansa. Ɗan kawu da ɗiyar gwaggo taubasai ne, don haka tun muna yara ba abin da ba na faɗa masa. Ina ce masa bawana, yana ce mini kayan gadonsa. Yanzu magidanci ne da 'ya'ya, acaɓa yake yi tsakanin ƙauyuka da Kurfi, amma har yau in mun haɗu sai na tambaye shi ko ya koyi wanke wuya.

Wanda bai ga rafinmu a da ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Daga gari za ka ratsa gonakin jigawa, rana na dukan ka, ba komai sai sabara da kalgo. Kana gangarawa sai ka shiga duhu da sanyi. Maɗatai ne jere a gaɓa biyu, dogaye, ba reshe sai can sama, ga kanya da ɗinya a tsakaninsu. Da rani, lokacin da kowane itace ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, su suna nan kore shar. Na taɓa tambayar Kawu me ya sa ba ya shuka ɗaya a ƙofar gida mu sami inuwa. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ke, wa ya hwaɗa maki maɗaci na zama inda aka ga dama? Icce ne na bakin ruwa. Saiwarshi ƙasa take nutsawa har ta iske laima ƙarƙashin yashi. In kin gan shi tsaye ya yi girma, tona kusa, ruwa ba nisa. Kai shi kan jigawa ki gani, zai rayu, amma ya zama gajere mai ƙulle-ƙulle, ko ƙotar gatari ba a samu ba."

Yana da ƙa'idojinsa, kuma bai damu ko kai ba ka san su ba, in ka karya sai ya ci maka mutunci. Ba ya sare maɗacin da ke ɗauke da 'ya'ya sai ƙwallayen sun bushe sun tsage, irin ya watse. In za a ɗebi sassaƙe, wato ɓawon da ake jiƙawa a sha don ciwon ciki da zazzaɓi, to faɗin tafin hannu ake ɗiba ta gabas, a ɗiba ta yamma, a kwaɓa laka a shafe wurin. Wanda ya zagaye itacen da sara ya kashe shi, ko da zai shekara yana tsaye. Wata rana ya kama wani mai sayar da magani a kasuwa ya ɗaye wani maɗaci kusan zagaye, ya cika buhu. Kawu ya zauna a kan buhun. Ya ce wa mutumin ba inda za shi sai ya shiga rafi ya ɗebo laka ya shafe ɓarnar da ya yi. Mutumin nan da babbar rigarsa ya yi ta jigilar laka da hannu, mata masu wanki suna ta dariya. Da ya gama, Kawu ya ba shi buhunsa ya ce, "Allah shi ba da kasuwa. In na ƙara ganin ka nan, kai zan ɗaye."

Da makiyayin nan ma da faɗa suka fara. Da rani in ciyawa ta ƙare, makiyaya kan hau maɗaci su sassare rassa shanu su ci ganye. Itacen da ake yi wa aski duk shekara kuwa ba ya fure, balle ya yi iri. Sun yi shekaru suna zage-zage daga gaɓa zuwa gaɓa. Sai wata shekara ciwo ya shiga garken mutumin, shanu na zawo suna ramewa. Ba wanda ya aika wa Kawu. Shi da kansa ya ɗauki gizago ya ɗebi sassaƙe yadda ya kamata, ya ɗora a ka ya haye rafi ya zube a ƙofar ruga ya ce, "Jiƙa masu. Ba don kai ba, don dabbobin." Daga nan suka shirya: a sari rassan ƙasa, a bar na sama su yi 'ya'ya. Suka zama abokai irin waɗanda ba sa gaisawa sai da baƙar magana.

Kada in mayar da shi waliyyi. Shi ma ya sare, kuma ya sare da yawa. Yakan ce, "Rabin kututturan da kike gani nan aikina ne. Lokacin gani nike ba su ƙarewa." Ba da nadama a fuska yake faɗa ba, da haushi yake faɗa, kamar wani ne ya yi masa.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Ɓarayin daji suka fara shiga ƙauyukan da ke kusa, suna kora shanu suna ɗaukar mutane. Aka ce ta cikin duhun rafi suke biyowa, a nan suke laɓewa kafin su faɗa wa gari. Ban san ko gaskiya ne ba, amma na san tsoron gaskiya ne, don ni kaina na daina kwana in na je. Matasa suka taru suka ce a share kurmin, a riƙa hango duk mai tahowa tun daga nesa. Dattawa suka yarda. Taubashina na cikin na gaba-gaba, kuma ba zan zarge shi ba, yana da mata da ƙananan yara.

Ranar da aka fara, Kawu ya je ya jingina bayansa da babbar cikinsu, wadda mutum uku ba sa haɗa hannu a kanta. Iya ce ta ba ni labari, don ta bi shi a guje. Ya ce musu, "Ɓarawo bisa babur shike zuwa. Ku sare sarƙaƙiya, ku sare ƙaya, na yarda. Wanga icce mi ya ɓoye? Ana hango mutum ta ƙarƙashinshi tun daga can."

Ɗansa ya ce, "Baba, don Allah ka tashi. Ranmu ake magana."

"In kun kada su gaɓar ga zubewa za ta yi. Rijiyoyinku ma sai sun ja baya."

"Mu rayu tukuna mu ga rijiyar."

Ya ƙi tashi. Sai ɗan nasa ya sunkuya ya ɗauke shi cak, kamar yadda ake ɗaukar yaro, ya kai shi gefe ya ajiye a gaban jama'a. Wasu suka yi dariya. Kawu ya karkaɗe rigarsa ya tafi gida.

Gatari bai iya da manyan ba, sai aka kira masu injin yanka katako. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda tsaron gari ya ƙare a bayan babbar mota, an yanka shi falle-falle an nufi kasuwa da shi. Ɓarayin kuwa da suka tashi zuwa, ta fili suka zo. Damina biyu ba a yi ba gaɓar ta fara ruftawa tana cin gonakin mutane. Ba wanda ya je ya ce wa Kawu ka yi gaskiya, shi ma bai nemi a ce ba.

Tsakaninsa da ɗansa kuwa, suna gaisawa, suna sallah sahu ɗaya, in jika ba lafiya Kawu ne kan gaba. Amma daga ranar nan bai sake ambatar rafi ko maɗaci a gabansa ba. In yaron ya shigo ana zancen, sai Kawu ya kama wani. Na yi masa magana, na ce Kawu ɗanka ne fa, tsoro ne ya sa shi. Ya ce, "Na ce maki ina hushi da shi?" Na ce a'a. Ya ce, "To, sha ruwanki."

An kayar da babbar tana ɗauke da ƙwallaye da suka kusa bushewa. Bayan masu inji sun tafi, Kawu ya koma ya tsince su cikin garin katako, ya shanya suka tsage. Irin maɗaci falle ne marar nauyi, kuma ba ya ajiyuwa, in ya daɗe sai ya mutu. Da ruwan farko ya shuka su a gefen gonarsa da ta gangara rafi. Da yawa sun fito. Awaki suka ci wasu, ambaliya ta tafi da wasu, wutar da wani ya sa wa kara ta lashe wasu. Waɗanda suka tsira ba su kai goma ba. Ya kewaye su da shingen ƙaya, kullum yana can yana toshe kafa, ga gwiwa ta ƙi, ga ido ya fara hazo. Sassaƙa ma ya bar ta, ya ce ba itacen da ya cancanci gizagonsa.

Zuwana na ƙarshe yana da rai, ya ce in raka shi. Muna tafe yana hutawa. Sun fi tsayin ɗaki, kaurinsu kamar damtsen ƙato, sun miƙe sambal. Ya dafa ɗaya yana haki.

"Kin gan su? Daga nan har inda ruwan ga ya kai, babu sauran uwa. Na bincika. Su kaɗai ne. Kuma maɗaci sai ya haura shekara ashirin kahin ya yi iri. Ni ban gani, na sani."

Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka tsawon rai."

"Bar wannan. Ji abin da nike so. Ban ce a ba su ruwa ba, sun riga sun iske nasu. Ban ce a sa masu taki ba. A bar su kawai. A ƙyale su har su yi 'ya'ya, sauran iska da ruwa za su yi. Na hwaɗa ma Iyarku, na hwaɗa ma wancan na hayi. Ke ma na hwaɗa maki."

Na ce, "Babban ɗanka fa? Shi ne zai gaji gonar."

Ya ɗauki sandarsa ya ce rana ta yi, mu koma.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a an raba waina, na sa mayafi na zame na nufi rafi. Tunanina shingen, don tun da ya kwanta ciwo ba mai duba shi, ga awaki sake. Tun daga kan jigawa na ɗaga ido ina neman kore ban gani ba. Na ce ko hanya na ɓata.

Shingen na nan, an janye shi ta gefe ɗaya. A ciki kututture ne gajeru, saran gatari, jajaye, ƙaro ya tsattsafo ya daskare a bakinsu. Rassa da ganye a zube sun yi yaushi. Makiyayin na tsugune a gefe da sandarsa a kafaɗa. Na kasa ko gaishe shi. Na ce, "Baffa, wa ya yi wannan? Wane marar tsoron Allah ne, mutum ko kwana uku bai yi a ƙasa ba?"

Ya ce, "Ɗiyata, yi a hankali. Suna tare da shi."

Ban gane ba sai da ya ƙara. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, amma kowa ya san yadda ake yi. In an sa mamaci a ƙaramin ramin, sai a jera guntayen itace a kansa a gicciye, a sa ganye, a shafe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura sauran. Itacen da aka jera a kan Kawu ke nan. Makiyayin ya ce yana hayi ya ji sara, kafin ya ƙetaro an gama an ɗaure a bayan babur. Da ya ga ko wane ne, kuma ya ji dalili, sai ya bar shi ya tafi.

Muna nan sai ga ƙarar babur. Taubashina ne, an ce masa an ga na yi nan, ya biyo ni don ba a barin mace ita kaɗai a wajen gari yanzu. Ya kashe babur ya tsaya. Idanunsa sun faɗa, amma da ya dubi kututturan sai na ga fuskarsa ta ɗan saki.

Ya ce, "Kin gani ko? Da aka gama gina, yara suka kawo rassan bedi, darbejiyar nan, wai da su za a ruhe shi. Na ce wallahi ba a ruhe Baba da bedi. Kin san yadda ya raina iccen nan, ko muciya bai yarda ya yi da shi ba. Mutumin da ya ƙare ranshi kan maɗaci? Na ce ku jira ni. Ni kaɗai na zo na sare su, ban bari kowa ya taɓa ba. Sun jeru daidai, ko yatsa ba ya shiga. Har liman sai da ya ce bai taɓa ganin iccen kabari mai kyau haka ba."

Ya ƙara da cewa, "Tun abin nan da ya hwaru ban yi mashi wani abu da ya ji daɗi ba. Na ce ko wannan dai. Abin da ya hi so, ya tahi da abinshi."

Na zo da zagi cike da baki, kuma a duniya ba wanda na saba zagi kamarsa. Ban sami ko ɗaya ba. Ya dube ni, ya dubi dattijon da ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa, ya sake dubana.

"Mi ne ne? Ko ya bar wata magana a kansu?"

Na so in ce a'a. Amma gonar tasa ce yanzu, kuma in kututturan nan suna da sauran rabon tohowa, a hannunsa yake. Na faɗa masa yadda Kawu ya faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Cewa su kaɗai suka rage. Cewa a bar su kawai.

Sannan ya juya wajen makiyayin ya ce, "Baffa, kai ma ya hwaɗa maka?" Dattijon ya gyaɗa kai.

"Da Iya?"

Na ce, "Da Iya."

Ya zauna a kan yashi mai zafi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ba kuka ya yi ba, da kukan ne da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce, "Kullum da sahe sai na shiga na gaishe shi. Kullum. Ya hwaɗa ma kowa, har na hayin rahi. Ni mi ya hana ya hwaɗa mani?"

Mai amsar kuwa yana can ƙarƙashin itatuwansa.

Na yi kukan Kawu, kuma har yanzu ina jin haushinsa, ban ga dalilin ɓoye ko ɗaya ba. Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maka, masassaƙin da ya riƙe marainiya bai taɓa goranta mata ba. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya masa shi. Ka yafe masa abin da ya faɗa cikin fushi, Ka yafe masa kuma maganar da ya ƙi faɗa wa ɗansa.